Rakiyar Maman Kofi Zuwa Bakin Jirgi

Tun ranar da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na lise, wato sakandarenmu, a gidan suna, har a bakin famfo, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Malama Barira, yaya kuka rabu da Maman Kofi? Ta yi kuka? Ke fa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma duk lokacin da na bayar sai na manta wani abu, daga baya a zo a ce ɓoyewa na yi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko. Wadda ta sake tambayata, takarda zan miƙa mata.

Saboda wanda ba ɗan Matameye ba, bari in faɗi ko wace ce. Maman Kofi mutuniyar Togo ce, Kirista, kuma ungozoma. Sunanta na gaskiya Akosiwa, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Ta zo garinmu da mijinta, wani magini, shekara ashirin da shida da suka wuce. Mijin ya rasu, ita ta zauna. Ƴaƴana uku duk a hannunta suka faɗo. Ɗanta ɗaya ne tak, Kofi. A nan ya girma, karatu ya fitar da shi, aiki ya kai shi Kenya, ya auri wata ƴar can mai suna Wanjiru, suka haifi yarinya, Afi. Bara waccan mota ta kashe shi. Kafin uwar ta gama haɗa takardu an riga an binne shi.

Bayan rasuwar da wata uku sai ga ta a gidana bayan la'asar, da sabon kaye na rubutu da alƙalamin bik biyu a hannu. Ta zauna a tabarma, ba ta ko jira na kawo kujera ba.

"Barira," ta ce, "jiya matar ɗana ta kira ni. Ita ba ta jin Faransanci, ni ba na jin Ingilishi. Da Kofi ne ke tsakaninmu yana juya magana. Jiya mun riƙe waya, tana kuka ina kuka. Ta miƙa wa yarinyar, yarinyar ta yi ta surutu, ban san me ta ce ba. Jikata ce fa. Ki koya mini."

Na ce, "Mama, shekararki nawa yanzu?"

"Hamsin da tara. Ke da na zo karɓar haihuwarki, na tambaye ki shekararki?"

Shekara goma sha huɗu ina koyar da Ingilishi, kuma ba yabon kai ba, na san aikina. Amma ban taɓa samun ɗaliba irinta ba. Ranar farko ta ture littafin. Darasin kuwa na yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa ne. Ta ce, "Wa zan tambaya jirgin ƙasa? Koya mini 'kin ci abinci', da 'ina ke miki ciwo', da 'zo in yi miki kitso'." Haka muka yi. Kwana huɗu a mako, ni ina tsince shinkafa, ita tana maimaitawa. Abu ɗaya ne ya gagare mu. Duk lokacin da za ta yi maganar Kofi, sai ta faɗa da kalmomin da ake yi wa mai rai: yana son rake, yana da taurin kai. Ina gyarawa tana komawa, har wata rana ta ajiye bik ta dube ni ta ce, "Na sani, Malama. Ba mantawa nake yi ba." Daga ranar ban sake gyara mata wannan ba.

Bayan shekara ɗaya da wata takwas, Wanjiru ta aiko da takardar gayyata da tikiti, ta ce ta zo ta zauna da su. Jirgin daga Kano zai tashi.

Mu a ƙasar Kance mun saba da tafiyar mata, amma yawanci arewa ake nufa, a ƙetare hamada neman kuɗi, a sulale ba sallama, sai dai a wayi gari a ga ɗaki a kulle. Wannan tafiyar daban ce. Kwana uku mata na shiga gidanta suna fita, har daga ƙauyukanmu na Kurni da Yauri, wasu da goyo, wasu da ƴaƴan da suka riga suka fi su tsawo. Kowa da abin da ya kawo: kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta, atamfa, har da ɗaurin rake guda. Da ta ce tana so in raka ta har bakin jirgi, maigidana Malam Ilya bai ja ba. Cewa ya yi, "Ki je. Matar nan tana da hakki a kanmu."

Ni kuma na kafa sharaɗi. Na ce, "Mama, daga tasha har bakin jirgi, tsakanina da ke ba Hausa ba Faransanci. Wannan ce jarrabawarki." Ta ce ta yarda.

Mun tashi ranar Talata da hantsi, a motar wani direba da ake kira Mati. Gaba aka ba mu, mu biyu a kujera ɗaya, saboda girmanta. A bayanmu akwai wani Alhaji mai fataucin shanu, da wata ƙaramar mace mai jego da za ta ganin gida Daura, da wasu samari. Mota ba ta gama fita daga lambunan rake ba muka fara. Ina nuna mata abu tana faɗin sunansa: jaki, rijiya, gona, amalanke. Alhaji ya saurara ya saurara, sai ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Malama, faɗa kuke yi ne?"

"Karatu muke, Alhaji."

"To ai ni ma ina ji. Na yi shekaru ina kai shanu Ikko." Nan take ya zuba mana nasa. Wallahi ban gane rabinsa ba. Irin wanda ake yi a kasuwannin kudu ne, kalmomin na san su, amma an ɗaura su baibai. Maman Kofi ta dube ni da ido tana tambaya. Na ce mata wannan ba ya cikin jarrabawa.

Sharaɗina bai kai Ɗan Barto ba. Jaririn da ke bayanmu ya yi ta tsala kuka, uwar ta ciro wata ƴar kwalba ta ruwan jiƙo za ta ɗura masa. Ban san lokacin da Maman Kofi ta juya ba.

"Ke! Kwana nawa ne da haihuwarsa?"

"Arba'in da biyu, Mama."

"Shi ne za ki ba shi jiƙo? Mayar da kwalbar nan. Miƙo shi." Ta karɓe shi ta saman kujera, ta kifa shi a cinyarta, ta shafa bayansa har ya yi gyatsa, ta mayar, ta nuna wa uwar yadda za ta tallafe kansa ya kama nono da kyau. Yaro ya yi tsit. Sannan ta gyara zama ta ce da ni, da Ingilishi mai kyau kuwa, "Malama, ki rage mini maki."

A Ɗan Barto, iyakar wajenmu, muka sauka aka karɓi takardu. Wani jandarma matashi ya buɗe fasfonta, ya dubi hoton, ya dube ta, sai ya miƙe tsaye.

"Maman Kofi? Ke ce?"

"Ni ce. Ɗan wa ne kai?"

Ya faɗi sunan uwarsa da unguwarsu. Ta yi dariya ta ce, "Kai ne ka zo da ƙafa maimakon kai! Ka ba ni wahala ranar nan." Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Da ya ji tafiyar ba ta dawowa ba ce, sai ya buga hatimi, ya rako mu har mota da jakarta a hannunsa. Ya ce, "Mama, ki yafe mana." Ta ce, "Me kuka yi mini? Ka gaida mamanka."

Kwangwalam, wajen Nijeriya, tafiyar ƴan mintoci ce. Mutanen iri ɗaya ne, rigunan iri ɗaya, ko mai tuyar ƙosai ta can kamar ƙanwar ta nan. Abin da ya canza shi ne rubutun alluna da kakin ma'aikata. A nan daɗi ya kama ni. Shekara goma sha huɗu ina koyar da harshen nan a cikin aji, yau ga ni a ƙasar da ake aiki da shi. Na gyara mayafina na shiga gaba.

Wata ma'aikaciya muka tarar, doguwa, mai tabarau. Ta tambayi Maman Kofi inda za ta, da Ingilishi. Kafin tsohuwa ta buɗe baki na amsa. Ta sake tambaya, na sake amsawa. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ba kuskure ko ɗaya, har da kalmomin ladabi da nake sa yara su haddace. Matar ta cire tabarau ta dube ni, sai ta ce da Hausar Katsina tsantsa, "Hajiya, a ina kika samo wannan Turanci? Kamar ana karanta labarai a rediyo!"

Na ce, "Ingilishi dai. Mu a wajenmu in an ce Turanci, na Faransa ake nufi."

"To mu nan wannan ne Turanci. Ina katin allurarta, mai ruwan ɗorawa?"

Nan aka yi ta. Ba ya cikin fasfo, ba ya jakar hannu. Muka sa Mati ya sauke akwati a gefen hanya, rana na dukanmu, muka zazzage shi kaf. Alhaji yana ta duba agogo yana cewa kasuwa za ta watse. A ƙarshe aka same shi a cikin littafin addu'arta, inda ta adana shi don kada ya ɓace. Ma'aikaciyar ta duba ta buga hatimi ta yi mana fatan sauka lafiya.

Na koma mota ina jin kaina a sama. Amma har muka wuce Daura, mai jego ta sauka, Maman Kofi ba ta ce mini uffan ba. Na nuna mata kasuwa, shiru. Na tambaye ta ko tana jin ƙishirwa, shiru. Sai da muka tsaya sallar azahar a Kazaure, na idar na dawo na same ta zaune a gindin wata bishiyar darbejiya, sannan ta yi magana. Da Hausa ta yi, kuma ba Malama ta kira ni ba.

"Barira, matar nan ni ta tambaya ko ke?"

"Ke, Mama. Na ga tana sauri ne."

"Na ji abin da ta ce. Duka na ji. Amsar tana bakina kika fizge. In na sauka a can, wa zai shiga gabana? Ko za ki bi ni ne?"

Gaskiya ta faɗa. Ni da na kafa jarrabawa, ni na zauna na rubuta wa ɗalibar amsa, kuma ba don ita na yi ba, don a ji ni ne. Na ce, "Na yi kuskure. Ba zan ƙara ba."

"To sayo mana gurasa. Yunwa nake ji."

Gurasar Kazaure da ƙuli da man gyaɗa da albasa ta yi mini daɗi ƙwarai. Ita kuwa ta ce yajin na yara ne, ta ciro nata daga jaka ta barbaɗa.

La'asar sakaliya muka shiga Kano. Ba zan ɓata bakina wajen kwatanta cunkoso ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba ba zai yarda ba. Mu da muka saba da babur na kabu-kabu ka hau ka sauka a ƙofar gida, sai ga mu cikin adaidaita sahu, an cusa mu da akwati biyu da ɗaurin rake yana leƙowa waje, masu babur suna kauce masa suna zaginmu.

A Kurna muka sauka, gidan Gwaggo Uwani, yayar mahaifina. Aure ya kawo ta Kano tun ban zo duniya ba, ta je Makka sau biyu, kuma ba a yi mata gardama a gidanta. Na ɗan yi tunanin yadda za ta karɓi baƙuwar da ba musulma ba. Ashe ɓata lokacina na yi. Ta ba ta gadonta, ita ta koma katifa a ƙasa. Ta ja ni gefe ta yi mini raɗa, "Tana cin yankanmu?" Na ce shekara ashirin da shida shi take ci. "To ita ina take fuskanta in za ta yi tata ibadar? Kada a sa mata gado ta inda bai dace ba." Na ce ko'ina ma ya yi. Gwaggo ta jinjina kai ta ce, "Ikon Allah."

Jikokinta kuwa ni suka mayar abin kallo. Na ce a sa mini ruwa a firigo, suka fashe da dariya, wai firji ake cewa. Na tambayi wata wane aji take a lakkol, ta ruga ta gaya wa uwarta wai baƙuwa na yin yare. Da safe na nemi shayi, ina zaton irin namu mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi, sai aka dire mini wani ƙaton moɗa cike da madara, da burodi rabin sanda. Mu shayi hira ce, su abinci ne.

Tun a yammacin da muka sauka, bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar taushe, kafin magariba, Gwaggo ta sa aka fito da akwatunan tsakar gida. Ta ce ita ta san jirgi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta buɗe, warin daddawa ya tashi.

"Wannan za ki shiga da shi jirgi? Sai su sauke ki a sama." Ta naɗe daddawar cikin leda biyar, ta cusa a gwangwanin madara, ta liƙe. Kilishi ta ce a bar shi, za a iya karɓewa a can. Rake kuwa ko magana ba ta yi ba, wuƙa ta aika a kawo. Maman Kofi ta riƙe ƙaramin guntu ɗaya ta ce wannan na Afi ne, ubanta ya sha ba ta labarin raken Matameye. Gwaggo ta dube ta, ta karɓa, ta fere shi, ta yanka ƙanana, ta ɗaure a leda ta sa mata a jakar hannu. "In sun hana, ki shanye a gabansu." Sauran muka zauna mu da yara muka sha har haƙora suka gaji, tsofaffin biyu suna ta hirar haihuwa da jego kamar tare suka tashi.

Washegari da hantsi muka tafi filin jirgi. Ban taɓa shiga ba, amma ban nuna ba. Mai gadin ƙofa ya ce matafiya kaɗai ke wucewa. Na ce masa uwata ce, tsohuwa ce, kaya sun yi mata yawa. Ya dube ta ya dube ni, ya ga ba mu yi kama ba ko kaɗan, amma ya ce in kai ta wajen awon kaya in fito.

Layi ya kawo kanmu. Matar da ke kan teburin ƴar kudu ce, ba ta jin Hausa, balle Faransanci. Na tura akwatunan, na koma bayan igiya, taku uku tsakanina da su. Matar ta karɓi fasfo da tikiti, ta daɗe tana duba na'urarta, sai ta ɗago.

Ta ce tikitin na zuwa ne kawai, ba na dawowa. Ta ce wadda ta rubuta takardar gayyatar sunanta daban da na Maman Kofi, ba abin da ya nuna danginta ce. Ta ce in ba ta gamsu da wanda zai karɓe ta a can ba, ba za ta iya ba ta izinin shiga jirgi ba, don in an mayar da ita laifin a kansu yake. Da sauri take magana, mutane kuma sun taru a baya suna tsaki.

Maman Kofi ta waiwayo ta dube ni. Amsar duka tana bakina, na riga na jera ta. Na cije leɓe, na kama bakin mayafina, na sunkuyar da kai ina kallon takalmana. Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan a aikin koyarwa ba.

Sai na ji muryarta. Abu na farko da ta ce shi ne, "Ƴata, yi magana a hankali. Ni tsohuwa ce, kuma sabuwar ɗaliba." Matar ta yi murmushi, ta maimaita a hankali. Maman Kofi ta dafa teburin da hannu biyu, ta fara, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Wadda ta rubuta takardar nan matar ɗana ce. A ƙasarsu ta riƙe sunan ubanta. Ina da ɗa guda ɗaya. Sunansa Kofi." Ta tsaya. Ta sake farawa, ta gyara da kanta. "Na kasance ina da ɗa guda ɗaya. Ya mutu. Ban ga kabarinsa ba. Ya bar yarinya, shekararta bakwai. Ba ni da tikitin dawowa don ba ni da wanda zan dawo wurinsa da ya fi ta."

Ta buɗe littafin addu'arta ta ciro takardar haihuwar Afi da Wanjiru ta aiko, ta nuna sunan uban da yatsa, ta nuna sunan da ke fasfonta. Iri ɗaya. Sannan ta miƙa wayarta ta ce, "Kira ta. Tana jira."

Matar ta kira. Suka yi magana da Wanjiru kamar minti biyu. Ta ajiye, ta buga abin da za ta buga, ta miƙo takardar shiga jirgi da hannu biyu. Ta ce, "Mama, Allah ya kai ki lafiya. Ki yi haƙuri da rashin ɗanki." Wani mutum da ke baya, wanda ɗazu ya fi kowa tsaki, shi ya ɗauke mata jakar hannu.

Na ƙirga kuskure huɗu a maganarta. Ban faɗa mata ko ɗaya ba.

A bakin ƙofar da ba a wucewa muka tsaya. Tun a gida na shirya jawabin bankwana da Ingilishi, na rubuta na haddace, mai kyau ne ƙwarai. Na buɗe baki sai kuka ya zo maimakonsa. Ita ta riƙe fuskata da tafukanta, irin riƙon da take yi wa mace in naƙuda ta yi tsanani, ta yi mini addu'a da harshensu na Togo wanda ban taɓa jin ta yi ba. Ni ma na yi mata tawa. Na ce, "Mama, kin ci jarrabawa." Ta ce, "Na sani." Masu tambaya ko an yi kuka: ni na yi, ita ba ta yi ba.

Ta juya ta shiga. Ta wuce mai duba takardu, ta yi nisa, har na fara juyawa, sai na ji an ƙwala mini kira da Hausa, duk zauren ya waiwaya.

"Barira! Lantana matar mai gyaran rediyo, ta bayan gidanku! Ɗan cikinta a gicciye yake. Na gaya mata sau biyu, ba ta ji. Ki ja ta da hannunki ki kai ta a duba, kada ki bari watan nan ya mutu! Kin ji ni?"

Na ce, "Na ji, Mama!"

Ta ɗaga hannu ta shige. Maganarmu ta ƙarshe ke nan ido da ido.

Komowa ba ta da labari. Na kwana ɗaya a wurin Gwaggo, na biyo wata motar, na iso Matameye da la'asar ranar Alhamis. Ko mayafi ban cire ba na zaga gidan Lantana. Ta yi ta kawo dalilai, wai haihuwarta ta biyar ce, ta san kanta. Na ce ni ba shawara na zo ba, saƙo na kawo, kuma mai saƙon ta hau jirgi balle a yi mata gardama. Da safe na kai ta aka duba. Yadda Maman Kofi ta faɗa haka aka gani. Aka tura ta Damagaram, bayan mako biyu aka yi mata aiki aka ciro ƴa mace, uwa da ƴa lafiya. An raɗa mata Fatsima, amma duk unguwa Ƴar Togo ake kiranta.

Ranar suna na kira Kenya don in ba da labari. Da Ingilishi Maman Kofi ta amsa, kuma da shi ta ci gaba. Ta ce an kai ta kabarin, ta zauna ta yi masa magana. Ta ce garin da sanyi, abincinsu ba yaji. Sannan ta shiga tambaya: nauyin jaririyar, ko nono ya zo, ko ɗinkin ya bushe. Tana cikin magana ta karkace wata kalma, irin wadda na yi wata shida ina fama da ita a kai. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji wata ƴar siririyar murya a kusa da ita ta riga ni.

"Kaka, ba haka ake cewa ba. Sake faɗa."

Maman Kofi ta sake faɗa.

"Yauwa. Kin iya."

Sai tsohuwa ta dawo kan waya ta ce da ni da Hausa, ƙasa-ƙasa don kada yarinyar ta gane, "Barira, wannan malamar ta fi ki zafi."